Hutun Ma'aikaci da Abin da Ake Faɗa wa Kwamfuta

Jama'a masu saurare, musamman 'yan'uwanmu na Kagara da Goronyo da Wurno da Rabah, mas'alar da za mu tattauna a shirinmu na yau ita ce ta hutun ma'aikata, da yadda ake shigar da ƙa'idojinsa cikin manhajar kwamfuta wadda ofisoshi ke amfani da ita wajen kula da al'amuran ma'aikatansu. Mai yiwuwa wani ya ji wannan ya ce ai zance ne na mutanen Abuja da Ikko. Amma duk wanda ya lura da yadda biyan albashi ya tashi daga hannun ma'aji ya koma banki, ya kuma ga yadda ake tara malaman makaranta da ma'aikatan asibiti a ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu domin tantancewa, ya san cewa takardar neman hutu ma, wadda har yanzu ake rubutawa da hannu a miƙa wa akawu, tana kan wannan hanya, ko ba jima ko ba daɗe.

Tun shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tattara sunayen ma'aikatanta da albashinsu cikin tsarin da ake kira IPPIS, kuma kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da dama sun riga sun mayar da neman hutu ta waya ko ta kwamfuta, wasu da manhajojin ƙasashen waje irin su Oracle da SAP da Odoo, wasu da na gida irin SeamlessHR ta Ikko. Ko da yake sunayensu sun bambanta, aikinsu kusan ɗaya ne. Kafin ma'aikaci ya iya neman hutun ko da yini guda, sai wani mutum ya zauna ya faɗa wa manhajar nau'o'in hutun da ma'aikatar ta yarda da su, da adadin kwanakin kowane nau'i, da yadda za a ƙirga su, da ranakun da ba a aiki, da wanda zai amince ko ya ƙi. Wannan zama, wanda galibi ake bar wa wani matashi masanin kwamfuta ya gama cikin yini ɗaya ko biyu, shi ne a wurina mafi nauyin aikin gaba ɗaya, domin abin da aka rubuta a ranar shi zai zama hukunci a kan ɗaruruwan mutane shekara da shekaru. Misalinsa kamar mudun awo ne a kasuwa: in an ƙera shi daidai kowa ya sami cikakken awo, in kuwa an lotsa gindinsa to duk wanda ya zo saye sai an tauye shi, ko da mai awon mutumin kirki ne bai san da lotsawar ba.

Abin da ya wajaba a fara da shi shi ne doka, domin ita ce mafi ƙarancin abin da ba ya halatta a gaza. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta na shekarar 1974 ne, ta ce ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa yana da haƙƙin hutu na aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi, wanda bai kai shekara 16 ba kuwa kwana 12. Ta ba shi har kwana 12 na aiki a shekara na rashin lafiya tare da biya, bisa sharaɗin shaidar likita mai rajista. Ta ba mace mai juna biyu mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashinta idan ta yi wata 6 a wurin aikin, kana da rabin awa sau biyu a yini domin shayarwa. Haka kuma ta hana a biya mutum kuɗi maimakon hutunsa matuƙar yana bakin aikin. Wannan doka ta fi shafar leburori da akawuna da makamantansu, irin masu aiki a injin casar shinkafa ko gidan mai ko ɗakin ajiyar albasa. Manyan ma'aikata kuwa takardar ɗaukarsu aiki da ƙa'idojin ma'aikatarsu su ne abin komawa. A aikin Gwamnatin Tarayya, wanda ya kai mataki na 7 zuwa sama yana da kwana 30 a shekara, na mataki na 4 zuwa na 6 kwana 21, na ƙasa da haka kwana 14. Jiha da ƙananan hukumomi suna da nasu ƙa'idojin, don haka mai saita manhaja ga hukumar ilimi ta Wurno, alal misali, ba ya da izinin kwafo lissafin tarayya don ya ji shi a rediyo. Lalle ne ya nemi takardar umarni ta hukumar da ta ɗauki mutanen aiki, mai sa hannu da kwanan wata, ya ajiye ta kusa da shi yana aiki.

To, a nan ne ake faɗawa rami na farko, kuma ina roƙon masu saurare su ba ni hankalinsu, domin lissafi ne mai sauƙi amma sakamakonsa babba ne. A cikin kowace manhaja akwai wani ɗan gurbi inda ake zaɓar ko za a ƙirga hutu da kwanakin kalanda, wato har da Asabar da Lahadi, ko da kwanakin aiki kaɗai. A watan Nuwamba na 2022 Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya fitar da takardar umarni cewa daga lokacin a riƙa ƙirga hutu da kwanakin aiki, ya kuma tabbatar wa maza hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Kwana 30 na kalanda mako 4 ne da kwana 2, alhali kwana 30 na aiki mako 6 ne cur. Hutun haihuwa ya fi nuna girman al'amarin: a da mako 16 ne, wato kwana 112 na kalanda, yanzu kuwa kwana 112 ne na aiki, wanda ya haura mako 22. Lambar ba ta sauya ba, 112 ce jiya da yau, ta yadda mai dubawa da gaggawa zai ga komai daidai. Amma idan aka bar wancan gurbi a kan tsohon lissafi, za a kira mai jego ta koma bakin aiki saura fiye da mako 6 na haƙƙinta, jaririnta bai kai wata 4 ba, ita kuma ba ta da hujjar musu, tunda an ce mata kwamfuta ce ta lissafa. Wasu jihohi sun wuce haka ma, kamar Legas da ta ba da wata 6 tun 2014 da Kaduna da ta bi sahu a 2019, abin da ke ƙara nuna cewa babu adadi guda da za a ɗora wa kowa.

Sa'an nan kwanakin aikin ma ba ɗaya ba ne ga kowa. Akawun sakatariya yana aiki Litinin zuwa Jumma'a, amma ungozoma da malamin asibiti suna karɓa-karɓa dare da rana har Asabar da Lahadi, haka mai gadi, haka mai kula da ƙofofin ruwa a madatsar Goronyo. Idan aka ɗora wa waɗannan kalandar ofis, lissafinsu zai karkace ko dai a kansu ko a kan hukuma. Wajibi ne a yi wa kowane rukuni kalandarsa, a kuma sanya gajartar ranar Jumma'a da ragin sa'o'in aiki da wasu gwamnatocin Arewa kan yi a watan Ramadan, domin manhajar da ke ba da hutun rabin yini da sa'o'i take ƙirgawa.

Mu zo ga mas'alar wata, wadda mu mutanen ƙasar Sakkwato muka fi kowa sanin ta, tunda daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ake sanar da ganinsa ga ƙasa baki ɗaya. Waɗanda suka ƙirƙiri yawancin manhajojin nan sun saba da bukukuwan da ake sanin ranarsu shekara guda kafin su zo, saboda haka tsarinsu shi ne a shigar da ranakun hutun ƙasa tun watan Janairu a rufe. Mu kuwa Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi suna bin shekarar Hijira, mai kwana 354 ko 355, wadda ke gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, kuma ba a tabbatar da ranar Ƙaramar Salla sai daren da aka duba wata. Masu saurare za su tuna abin da ya faru a Afrilun 2024: Ministan Harkokin Cikin Gida ya ayyana Talata 9 da Laraba 10 ga wata a matsayin hutu, da ba a ga wata ba azumi ya cika 30, Salla ta kama Laraba, sai gwamnati ta ƙara Alhamis 11 ga wata. A ɗauka akwai ma'aikacin da ke cikin hutunsa na shekara a wannan mako. Ranar Alhamis ɗin an riga an cire ta daga kwanakinsa, ga shi kuma ta zama hutun kowa da kowa, don haka haƙƙinsa ne a mayar masa da ita. Wata manhajar tana sake lissafi da kanta da zarar an ƙara ranar, wata kuwa sai an bi mutum-mutum an gyara da hannu, kuma wajibi ne a gwada wannan tun kafin a biya kuɗin manhajar. Haka nan a ware mutum guda da sunansa wanda aikinsa ne shigar da irin wannan sanarwa washegarin fitarta, har da hutun da jiha ke bayarwa ita kaɗai, kamar na 1 ga Muharram.

Akwai kuma uzurorin da rayuwarmu ta ƙunsa waɗanda ba za a tarar da gurbinsu a manhajar ba sai an buɗe shi da gangan. Aikin Hajji yakan ɗauki alhazanmu wata guda ko fiye daga tashi zuwa dawowa, kuma ranar tashin jirgi daga filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ba a hannun maniyyaci take ba, haka ranar dawowa. A ƙa'idar tarayya mai zuwa Hajji daga hutunsa na shekara yake ɗiba, saboda haka manhajar da ta hana mutum ɗaukar fiye da mako 2 a jere, ko ta hana a matsar da ranar farawa bayan an amince, za ta jefa shi cikin ƙunci ba gaira ba dalili. Rasuwa kuwa ba ta sallama. Sharaɗin cewa sai an nemi hutu da mako 2 ko wata guda kafin lokaci yana da kyau ga hutun shekara, amma ɗora shi a kan hutun rasuwa ko na rashin lafiya rashin tunani ne, domin mu muna binne mamacinmu a ranar, wanda aka yi wa rasuwa a Rabah da asuba kuwa ba zai tsaya cika fom ba. Ya kamata a saita waɗannan nau'o'i yadda za a iya shigar da su bayan an dawo, cikin wa'adin da aka sani.

Mafi nauyi a zuciyata cikin wannan babi ita ce takaba. Shari'a ta ɗora wa matar da mijinta ya rasu idda ta wata 4 da kwana 10, mai ciki kuwa har ta haihu, kuma Dokar Ƙwadagon da muka ambata ba ta ce komai a kan wannan ba. Ƙasar Saudiyya ta rubuta shi cikin dokar aikinta, ta ba mace Musulma wannan muddar da cikakken albashi. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi bayanin cewa mai takaba tana kwana a ɗakinta, tana kuma iya fita da rana domin buƙatarta, don haka akwai yalwa a cikin al'amarin. Amma yalwar tana buƙatar shugabanni su zauna da malamai su yanke matsaya a rubuce: kwana nawa za a ba ta, ko za a sauke mata aikin dare, ko za a dawo da ita kusa da gida. Idan ba a yi haka ba, malamar makaranta ko ungozomar da ke cikin zafin rashin miji za ta buɗe wayarta ta tarar babu sunan halin da take ciki a jerin, sai ta zaɓi rashin lafiya alhali lafiyarta ƙalau, ko ta yi shiru a rubuta ta cikin masu fashin aiki a tsayar mata da albashi a watan da marayunta suka fi bukatarsa. Masanin kwamfuta ba shi da ikon ƙirƙiro wannan hutu daga kansa, amma yana da ikon, kuma a ganina wajibinsa ne, ya ɗaga kai ya ce wa shugabanni: ranku ya daɗe, ga gurbi babu kowa a ciki, me za a rubuta?

Kada a ɗauka duk maganar tana gefen ma'aikaci ne, domin jama'ar da ake yi wa aiki su ma suna da haƙƙi, kuma wanda ya karɓi lada a kan aiki amana ce a wuyansa ya cika shi. Yawancin ma'aikatanmu manoma ne, kowa na son hutunsa ya faɗo lokacin shuka ko girbi, ko lokacin dashen albasa da tafarnuwa a fadama. Damina kuma ita ce lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci da yara, rani shi ne lokacin da manoman Wurno da Goronyo suka fi bukatar ma'aikatan ban-ruwa. Manhaja tana iya hana mutum biyu masu aiki iri ɗaya fita a lokaci guda, tana iya kulle wasu makonni kamar na jarrabawa ko na allurar rigakafi, kuma wannan maslaha ce babba ga ƙaramin asibitin ƙauye inda ungozoma biyu ce tak, ko ɗaya. Sai dai kullewa tana da haddi. Idan aka kulle damina saboda zazzaɓi, aka kulle rani saboda rigakafi, kana aka saita cewa hutun da ba a ci ba zuwa 31 ga Disamba ya ƙone, to an hana mutum haƙƙinsa ta bayan gida. Dokar Ƙwadago ta yarda a jinkirta hutu bisa yarjejeniya muddin bai wuce wata 24 ba, a kuma haɗa masa duka. Adalci shi ne a tsara jadawalin hutu tun farkon shekara a gaban kowa, a riƙa juya watannin da ake rububi, wanda ya sami girbin bana ya bar wa ɗan'uwansa na baɗi, kuma duk hutun da hukuma ce ta hana a ci shi a ɗaga shi zuwa shekara mai zuwa.

Game da wanda zai amince, magana kaɗan ta isa. A taƙaita matakan, domin takardar da sai ta bi ta hannun mutum biyar a kwamfuta ba ta fi ta cikin fayil sauri ba. A sanya wa kowane shugaba na'ibi, saboda shi ma yana tafiya Hajji, yana kwanciya ciwo. A sanya wa'adi, in ya wuce ba amsa buƙatar ta haura sama da kanta. Kada a bar kowa ya amince wa kansa, kada kuma a karɓi ƙi ba tare da an rubuta dalili ba. Babbar fa'idar na'ura a kan tsohon tsari ita ce tana ajiye tarihin wanda ya taɓa kowane abu da ranar da ya taɓa shi, ta yadda zancen fayil ya ɓata, ko sai an ba da na goro kafin a nemo shi, zai ragu ƙwarai. Wannan fa'ida tana rushewa ranar da ma'aikatan ofis suka fara karɓa-karɓar kalmar sirri guda.

Sirri kuma shi ne abu na gaba. Takardar likita tana ɗauke da abin da mutum ba ya son maƙwabcinsa ya sani, balle a garuruwanmu inda akawun ofis ɗan'uwan miji ne ko surukin wani. Matar da ta yi ɓari, ko magidancin da ke fama da ciwon da yake jin nauyin faɗa, bai kamata a ga dalilin hutunsu a allon da dukan ofis ke gani ba. Abokan aiki su ga cewa wane ba ya nan daga rana kaza zuwa rana kaza, shugaba ya ga nau'in hutun, takardar likita kuwa jami'i guda mai amana ya gan ta. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, addini kuma ya riga ta hana bin diddigin aibin Musulmi da tona asirinsa.

Saura mas'alar sabis, wadda mai zama a birni yakan manta. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, Goronyo da Rabah na ciki, mutane suka yi makonni sai sun yi tafiya kafin su kira 'yan'uwansu. Ko a lokacin lafiya akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun layi, akwai ma'aikata masu ƙaramar waya marar intanet, akwai dattawan masinjoji da masu gadi da karatun boko bai ishe su cika fom da Turanci ba. Tsarin da ya ce duk wanda bai nema ta manhaja ba ya yi fashi, zai hukunta mutum a kan laifin da ba nasa ba. Dole a bar ƙofar takarda a buɗe: ma'aikaci ya rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, hedimasta ko shugaban asibiti ya sa hannu da kwanan wata, a ba shi kwafinsa ya riƙe, sa'an nan jami'in da aka ba izini ya shigar a madadinsa ranar da ya isa sakatariya, manhajar kuma ta karɓi ranar da ke kan takardar a matsayin ranar nema.

Kafin a buɗe wa jama'a tsarin, a gwada shi da mutanen ƙage guda biyar ko shida: mai jego, da maniyyaci, da mai aikin dare, da wanda aka ɗauka aiki a tsakiyar shekara, da wanda aka ƙara wa girma daga mataki na 6 zuwa na 7 a watan Yuli. A lissafa kwanakin kowannensu da alƙalami, a kwatanta da abin da na'ura ta fitar, a gayyato wakilin ƙungiyar malamai da na ma'aikatan lafiya su shaida. Ku kuma ma'aikata, malam da malama, ranar da aka ce an mayar da hutunku cikin kwamfuta, ku nemi a nuna muku adadin kwanakin da aka rubuta muku tun a makon farko, ku gwada shi da tsohuwar rajista tun ba a kai ta ɗakin ajiya ba, in kun ga saɓani ku rubuta ƙorafi ku riƙe kwafi.